Buɗe ƙofar ilimi: Abin da jami'an ɗakunan karatu na manyan makarantu ke buƙatar sani, da darasin da ke Potiskum

A kowace shekara malaman jami'o'i da kwalejojin Najeriya suna rubuta dubban maƙalu na bincike. Gwamnati ce ke biyan albashin mafi yawansu, wani lokaci ma ita ke ɗaukar nauyin binciken ta hannun Asusun Tallafa wa Manyan Makarantu, TETFund. Sai dai da zarar maƙala ta fito a ɗaya daga cikin manyan mujallun ƙetare, sau da yawa ɗalibin da ke zaune a ajin malamin da ya rubuta ta ba ya iya karanta ta sai an biya kuɗi da dala. Wannan tarnaƙi ne ya haifar da yunƙurin da ake kira tsarin buɗe ƙofa, wato a sanya sakamakon bincike a intanet kyauta, kowa ya karanta, ya sauke, ya yi amfani da shi, muddin zai ambaci sunan mai shi.

A ƙasashen da tsarin ya kafu, jami'an ɗakunan karatu na jami'o'i ne suka ja ragamarsa, kuma ba su iya hakan ba sai da aka sake koya musu sana'ar tasu. Shi ya sa batun horar da su ya shafi gari irin Potiskum, inda ake da Kwalejin Ilimi da Fasaha ta Tarayya, wadda aka kafa a ƙarshen shekarun 1980 tun garin yana ƙarƙashin tsohuwar Jihar Borno, da kuma kwalejin jiha ta koyon aikin mulki da gudanarwa.

Yadda kasuwar mujallu ta kai haka

Mujallun ilimi na farko sun fito ne a shekarar 1665, ɗaya a Faransa, ɗaya a Ingila, kuma na tsawon ƙarnuka ƙungiyoyin masana ne ke buga su. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu kamfanonin kasuwanci suka shigo, suka riƙa saye mujallu da ƙirƙiro sababbi. Wani nazari da masana na Jami'ar Montreal ta Kanada suka wallafa a 2015 ya nuna cewa a shekarar 2013 kamfanoni biyar kacal ne suka buga fiye da rabin maƙalun da ke cikin babban kundin lissafin maƙalu na Web of Science. Daga cikinsu akwai Elsevier da Springer da Wiley da Taylor & Francis. Ribar da Elsevier ke bayyanawa ta daɗe tana haura kashi 30 cikin 100 na cinikinsa.

Abin mamakin wannan ciniki shi ne inda haja take fitowa. Malami ya rubuta maƙala bai karɓi ko sisi ba. Takwarorinsa masana su tantance ta, su ma kyauta. Ya sa hannu ya miƙa haƙƙin mallakarta ga kamfani. Sannan ɗakin karatu na makarantarsa ya biya kuɗin shekara kafin ya samu izinin karantawa. Da a kasuwar shanu ta Potiskum ne wani ya zo da irin wannan sharaɗi, a ce makiyayi ya ba da sansa kyauta sannan ya biya kafin ya ɗanɗani naman, da dillalai sun yi masa dariya.

A watan Fabrairun 2002 aka fitar da Sanarwar Budapest, wadda ta fayyace ma'anar buɗe ƙofa kuma ta nuna hanyoyi biyu na cim masa. Sanarwar Bethesda da ta Berlin suka biyo baya a 2003. A watan Nuwamban 2021 ƙasashen da ke cikin hukumar UNESCO, har da Najeriya, suka amince da shawarwarin hukumar kan buɗaɗɗiyar kimiyya.

Hanya ta farko ita ake yi wa laƙabi da koriyar hanya: marubuci ya buga maƙalarsa a mujallar da ya ga dama, amma ya ajiye kwafinta a rumbun intanet na makarantarsa, inda kowa zai iya samu. Ta biyu, hanyar zinariya, mujallar ce da kanta take buɗe komai ga masu karatu. Yawancin manyan kamfanoni da suka bi wannan hanya sun juya kuɗin ne daga kan mai karatu zuwa kan marubuci. Mujallar Nature, alal misali, ta sanya Yuro 9,500 a kan kowace maƙala a shekarar 2021, kuɗin da a canjin yau ya haura naira miliyan goma nesa ba kusa ba. Daga baya aka fito da sunan hanya ta uku, ta lu'ulu'u, inda jami'a ko gwamnati ko ƙungiya ke ɗaukar nauyin mujalla, ba a karɓar kuɗi daga marubuci ko mai karatu. Ƙasashen Kudancin Amurka sun yi nisa a kanta tun da Brazil ta kafa dandalin SciELO a ƙarshen shekarun 1990.

Ga malami a Najeriya bambancin waɗannan hanyoyi magana ce ta aljihu. Kafin a saki naira a watan Yunin 2023, dala tana kusan naira 460 a farashin gwamnati. Zuwa farkon 2024 ta haura 1,500. Ke nan mujallar da ke neman dala 1,000 kuɗin bugawa ta tashi daga ƙasa da rabin miliyan zuwa miliyan ɗaya da rabi ba tare da ta ƙara ko dala ɗaya a farashinta ba.

Darasin harsunan Yobe

Potiskum tana da misali nata na kanta, wanda ya cancanci a riƙa koyar da shi a sassan nazarin aikin laburare.

Tsakanin 1969 da 1970 wani ɗalibin ilimin harsuna Ba'amurke, Russell Schuh, ya zauna a garin yana nazarin harshen Ngizim. A kansa ya rubuta kundin digirinsa na uku a Jami'ar California da ke Los Angeles a 1972, sannan a 1981 maɗaba'ar jami'ar ta buga ƙamusun Ngizim da ya tsara. Littafi ne mai daraja, amma an buga shi a Amurka, an sayar da shi da dala, kuma mafi yawan kwafinsa ɗakunan karatu na jami'o'in Turai da Amurka suka shiga. Masu harshen, waɗanda daga bakinsu aka ɗebo kalmomin, su ne suka fi kowa nisa da shi. Wannan ita ce tsohuwar hanya, kuma ba laifin mutum ɗaya ba ce. Haka aka saba yi.

Da Schuh ya dawo a farkon shekarun 2000, ya dawo da wani tsari dabam. Shi da Alhaji Maina Gimba na Jami'ar Maiduguri, masanin Bolanci, suka jagoranci Shirin Binciken Harsunan Yobe da tallafin Gidauniyar Kimiyya ta Amurka. Suka yi aiki tare da masu magana da harsunan, aka tsara ƙamusoshi masu fassara zuwa Ingilishi da Hausa na Bolanci da Ngizim da Karekare da Ngamo da Bade, daga baya har da Duwai. A nan Potiskum aka buga su, a maɗaba'ar Ajami, a 2004, aka sake fitar da bugu na biyu a 2009, kuma sunayen 'yan ƙasa da suka yi aikin ne a jikin littattafan a matsayin marubuta. Bayan haka aka sanya ƙamusoshin da sauran takardun shirin a shafin intanet na jami'ar, kyauta. Da Schuh ya rasu a watan Nuwamban 2016, abokin aikinsa Paul Newman ya shirya babban littafin da ya bari kan harsunan Chadi, aka fitar da shi a 2017 a rumbun eScholarship na Jami'ar California, shi ma ba a biyan komai.

Abubuwa biyu ke cikin wannan labari. Na farko, buɗe ƙofa bai hana buga littafi a takarda ba. Wanda ba shi da data ya samu na takarda a garinsu, wanda ke Jamus ya samu na intanet. Na biyu shi ne wanda ya fi shafar jami'in ɗakin karatu: kwafin intanet ɗin a California yake ajiye. Shafukan da malamai ke buɗewa a jami'o'insu sukan sauya adireshi ko su ɓace bayan mai shi ya yi ritaya ko ya rasu. Idan ɗalibin Potiskum ko na Gashuwa zai ci gaba da samun kalmomin kakanninsa nan da shekara talatin, akwai buƙatar wata makaranta a Yobe ta nemi izini ta ajiye nata kwafin, ta yi masa rajista yadda injin bincike zai gano shi. Malamin harshe ba a koya masa wannan ba. Aikin ɗan laburare ne, idan an horar da shi.

Daga Zariya aka fara

Koyar da aikin laburare a jami'o'in Najeriya ya fara ne a Ibadan a wajen 1960, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta buɗe nata sashen a 1968, Kano da Maiduguri suka biyo baya a ƙarshen shekarun 1970. Ƙungiyar ma'aikatan laburare ta ƙasa, NLA, tana nan tun 1962, hukumar yi musu rajista kuwa, LRCN, dokar soja ta 1995 ce ta kafa ta. Manhajar da yawancin manyan jami'an yau suka karanta ta ta'allaƙa ne kan sayen littattafai da rarraba su aji-aji da tsara katin nema. Babu darasi kan yarjejeniyar bugawa, domin a lokacin ba a ɗauki ɗakin karatu a matsayin mai ruwa da tsaki a harkar wallafa ba.

Sauyi ya fara bayyana a watan Afrilun 2008, lokacin da sashen nazarin laburare na Jami'ar Ahmadu Bello, tare da ƙungiyar EIFL ta ƙasa da ƙasa da gamayyar ɗakunan karatu na jami'o'in Najeriya, suka shirya taron bita a Zariya kan rumbunan intanet na makarantu. A shekara mai bi, 2009, Jami'ar Jos ta ƙaddamar da rumbunta. Jami'ar Ahmadu Bello ita ma ta kafa nata, wanda ta raɗa wa sunan kogin Kubanni, inda ake samun dubban kundayen digiri. Daga baya cibiyar WACREN, mai haɗa layukan intanet na jami'o'in Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, ta fito da shirin LIBSENSE domin horar da jami'an laburare tare da ma'aikatan kwamfuta a zaure ɗaya, ganin cewa rumbu ba ya tsayawa idan ɓangarorin biyu ba sa magana da juna.

A Amurka ma sai da aka yi irin wannan. Ƙungiyar ɗakunan karatu na kwalejoji da cibiyoyin bincike, ACRL, ta fitar da kundin jagora kan harkar wallafar ilimi a 2005, sannan daga 2009 ta riƙa zagayawa da bitar yini ɗaya daga jami'a zuwa jami'a, maimakon jiran mutane su zo babban taro. Wannan dabarar zagayawa ita ta fi dacewa da mu. Tarurrukan bita a Najeriya sun fi yawa a Abuja da Legas da manyan jami'o'i, wanda ake turawa kuma yawanci shugaban ɗakin karatu ne. Ƙaramin jami'in da ke zaune a teburin tambaya a kwalejin ilimi, wanda malamai ke tarewa da tambayar inda za su aika maƙala, shi ne bitar ba ta cika kaiwa gare shi ba. Ga shi kuwa dokar kwalejojin ilimi na tarayya ta 2023 ta ba su damar bayar da digiri da kansu, abin da ke nufin ƙarin bincike da ƙarin matsin lambar wallafa a kan malamansu.

Mujallun bogi

Idan za a zaɓi darasi ɗaya a fara da shi, to wannan ne, domin a nan malamai ke asarar kuɗi da suna.

Da tsarin biyan kuɗin bugawa ya yaɗu, sai wasu suka buɗe shafukan intanet masu sunaye irin na manyan mujallu, suna aika wa malamai saƙon imel na yabo, suna alƙawarin buga maƙala cikin mako ɗaya ko biyu. Ba sa tantance komai. A 2013 wani ɗan jarida na mujallar Science, John Bohannon, ya aika maƙalar ƙarya mai cike da kurakurai da gangan zuwa mujallu 304. 157 daga cikinsu suka karɓa. A 2019 wata kotu a Amurka ta yanke wa kamfanin OMICS na Indiya hukuncin biyan kimanin dala miliyan 50 saboda yaudarar marubuta.

Wani jami'in laburare a Jami'ar Colorado, Jeffrey Beall, ya yi shekaru yana tara sunayen irin waɗannan mujallu har zuwa Janairun 2017 da ya rufe jerin. Har yanzu kwafinsa na yawo, wasu kwamitocin ƙarin girma ma suna dogara da shi. Ya kamata a yi hattara. An soki jerin da cewa yana saurin zargin mujallun ƙasashe masu tasowa, kuma ƙaramar mujallar sashe a Kano ko Sakkwato da ke fitowa a makare saboda rashin kuɗi ba ɗaya take da ta 'yan damfara ba. Horon da ya dace shi ne a koya wa jami'i yadda zai bincika da kansa: shin mujallar tana cikin kundin DOAJ, wanda Jami'ar Lund ta Sweden ta kafa a 2003 kuma ya tsaurara sharuɗɗansa har ya cire mujallu fiye da dubu uku a 2016? Tana dandalin AJOL na mujallun Afirka, wanda ya fara a 1998, inda ake samun mujallu irin su ta kimiyya ta Jami'ar Bayero da ta nazarin bayanai ta Samaru? Editocin da aka lissafa suna nan da gaske a jami'o'in da aka ce, kuma sun san an sa sunansu? An bayyana kuɗin bugawa tun kafin a karɓi maƙala?

Akwai wani kuskure da ya zama ruwan dare. Mutane da yawa suna ɗauka cewa lambar ISSN shaida ce ta inganci. Lambar rajista ce kawai, kamar lambar mota. A Najeriya Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa ke bayar da ita, kuma ba ta nufin wani masani ya duba abin da ke cikin mujallar.

Haƙƙin mallaka da rumbu

Darasi na biyu shi ne karanta yarjejeniya. Yawancin marubuta suna sa hannu a takardar miƙa haƙƙin mallaka ba tare da sun karanta ba, daga baya su tarar ba su da izinin raba maƙalarsu ga ɗalibansu a intanet. Alhali kamfanoni da yawa suna yarda marubuci ya ajiye kwafin ƙarshe da aka amince da shi, kafin a yi masa adon mujalla, a rumbun makarantarsa, wasu nan take, wasu bayan wata shida ko shekara ɗaya ko biyu. Jami'in da ya san wannan zai iya buɗe maƙalun malamai da dama ba tare da an kashe ko kwabo ba. Haka nan ya kamata ya iya bayyana lasisin Creative Commons, musamman mai alamar CC BY, wanda ke barin haƙƙi a hannun marubuci amma ya ba jama'a izinin kwafa da fassarawa. Batun fassara ba ƙarami ba ne ga masu karatu da Hausa: maƙala kan cutar dabbobi ko ajiyar wake mai irin wannan lasisi, malamin gona zai iya juya ta zuwa Hausa ba tare da neman izinin kowa ba.

Sabuwar Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a watan Maris na 2023, ta maye gurbin ta 1988. Ta yi tanadi na musamman ga ɗakunan karatu da wuraren adana tarihi kan yin kwafi domin adanawa, da kuma juya littattafai zuwa sigar da makafi za su iya amfani da ita.

Shi kansa rumbun, manhajarsa kyauta ce. DSpace, wadda Cibiyar Fasaha ta Massachusetts da kamfanin HP suka fitar a 2002, ita yawancin jami'o'in Najeriya ke amfani da ita, mujallu kuma suna da manhajar OJS. Abin da ke cin kuɗi shi ne wuta da layin intanet da mutumin da zai zauna yana shigar da sunan marubuci da take da shekara da taƙaitaccen bayani daidai. Rumbuna da yawa an ƙaddamar da su da biki, bayan shekara biyu shafin ya daina buɗewa saboda na'urar ta lalace ko wanda aka horar ya koma wani wuri. A jihar da aka taɓa katse layukan waya na makonni a lokacin dokar ta-ɓaci ta 2013, kuma lalata turakun wuta ya sha jefa ta cikin duhu, ƙaramar kwaleji za ta fi samun kwanciyar hankali idan ta shiga rumbun haɗin gwiwa da Jami'ar Jihar Yobe da ke Damaturu da Jami'ar Tarayya ta Gashuwa, a ajiye kwafi a wuri fiye da ɗaya.

Sannan akwai ƙofofin da suke a buɗe amma ba a shiga. Shirin Research4Life, wanda ya fara da HINARI na Hukumar Lafiya ta Duniya a 2002, aka ƙara AGORA na aikin gona a 2003, yana ba makarantun ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi damar karanta dubban mujallu kyauta ko da rangwame, amma sai makaranta ta yi rajista, kuma sai wani ya koya wa malamai yadda ake shiga.

Inda ikon laburare ya tsaya

Duk horon da za a ba jami'in ɗakin karatu, ba shi ke yanke hukuncin ƙarin girma ba. Muddin kwamiti yana ƙirga yawan maƙalu, yana ba duk wadda aka ce ta ƙetare ce maki fiye da ta gida ba tare da duba abin da ke cikinta ba, malamai za su ci gaba da kai kuɗinsu ga duk shafin da ya sa kalmar ƙasa da ƙasa a sunansa. Wannan ƙa'ida tana cutar da masu rubutu da Hausa musamman, domin mujallu irin su Harsunan Nijeriya da Algaita na Kano, da Harshe ta Zariya, da Ɗunɗaye ta Sakkwato, a gida suke, kuma a nan masu karanta su suke. Sanarwar San Francisco kan auna bincike, DORA, wadda aka tsara a ƙarshen 2012, ta nemi a daina auna mai bincike da sunan mujallar da ya buga a ciki, a karanta aikin da ya yi.

A nan shugaban ɗakin karatu yana da kujerar da ba a cika amfani da ita ba. A jami'o'i da kwalejojin Najeriya yana cikin manyan jami'an gudanarwa, kuma yana zama a majalisar malamai. Daga wannan kujera zai iya gabatar da ƙudurin cewa duk kundin digiri da duk maƙalar da aka yi da kuɗin makaranta a ajiye kwafinta a rumbu, kuma kwamitin ƙarin girma ya nemi ra'ayin ɗakin karatu kan sahihancin mujalla kafin ya ba da maki. TETFund, wanda dokar 2011 ta kafa a madadin asusun ilimi na 1993, yana da kaso na bunƙasa ɗakunan karatu da na buga mujallun makarantu. Makaranta na iya sa wa kanta sharaɗin cewa mujallar da aka buga da wannan kuɗi ta fito a intanet kyauta ranar da ta fito a takarda. Makon Buɗe Ƙofa na Duniya, da ake yi a ƙarshen Oktoban kowace shekara tun 2009, shi ne lokacin da ɗakunan karatu da yawa ke zaɓa su kai irin wannan ƙuduri gaban majalisa.